Yadda Jan Biro Ya Raba Karatunsa Gida Uku

Duk wanda zai lissafa masu ilimin wannan zamani, in dai yana tsoron Allah, dole ya fara da shugaban sashen bugu na madaba'ar nan da ke bayan tashar mota. Mutum ne da ilimi ya yi wa yawa har yana leƙowa ta aljihun gaba. Biro uku ne a aljihun: baƙi na sa hannu, shuɗi na ado, sai ja na gyara kuskuren bayin Allah. A gabansa ma'aikata Yallaɓai suke ce masa. Da ya ba da baya sai ya koma Jan Biro. Ya san da sunan, kuma a ransa yana jin daɗinsa.

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana shaƙar tawada. Ya buga kalanda, ya buga katin gayyata, ya buga littattafan makaranta, ya buga takardun shaidar kammala karatu na mutanen da ba sa ƙirguwa. A ganinsa, duk littafin da ya bi ta cikin injinsa ta cikin kansa ya bi. Ya taɓa buga wani littafin likitanci, tun daga ranar yake gwale idon ma'aikata da safe yana gaya musu jininsu ya yi ƙasa. Da ya buga na shari'a kuwa, sai da aka yi wata guda ba wanda ya nemi izinin fita bai sha sashe kaza, ƙaramin sashe kaza ba.

Ofishinsa ɗan akurki ne na katako da gilashi a kusurwar ɗakin injina. A ciki akwai kujera mai juyawa, tana kuka in ya juya hagu. Daga nan yake hango kowa. Rabonsa da taɓa inji an fi shekara goma, kuma yana da jawabin da yake yi wa kowane sabon ma'aikaci a kan haka:

"Shugabanci ba ƙarfi ba ne, hikima ce. Ƙaramin ma'aikaci aiki yake yi. Babba raba aiki yake yi. In ka ga shugaba yana gumi, to bai san aikinsa ba."

Abu ɗaya ne ƙaddara ta hana duniya gani, wato takardarsa ta kammala sakandare. Baiwar Allah, takardar nan ta sha wuya. A shekarun farko gobara ce ta cinye ta. Daga baya aka ji ambaliya ce. Da aka ɗauki sababbin ma'aikata sai ta koma gara, a cikin akwatin yayansa. Gaskiyar kuwa, wadda daga shi sai matarsa sai Mahaliccinsa suka sani, ita ce a aji uku ya ajiye jaka ya shiga koyon aiki, bai sake waiwayar allo ba. Kada mai karatu ya yi saurin dariya. Da yawanmu muna da wata takarda da gara ta ci, kuma shi kansa mai ba ku labarin nan, in aka matsa masa da tambaya, tari zai sarƙe shi.

Ana nan sai Maigida ya tsufa, ya miƙa wa 'yarsa madaba'ar. 'Yar Maigida ta zo da tabarau da wata mummunar ɗabi'a ta son ganin komai a rubuce. Wata Litinin ta tara ma'aikata ta ce manyan ma'aikatun da ke ba su aiki sun fito da sharaɗi: kowane shugaban sashe sai ya kasance yana da takardar sakandare. Kafin ƙarshen shekara, duk shugaban da bai ajiye tasa a teburinta ba zai sauka, a ba wanda yake da ita.

Ta ce amma ba ta zo don ta kori kowa ba. Ta yi magana da wata makarantar intanet ta manya da matasan da karatu ya yanke musu. Makarantar ba ta da aji, ba ta da benci. Gwada mutum take fara yi, ta gano inda ya tsaya, sannan ta yanka masa darasi daidai jikinsa kamar tela. Inda yake da rauni ta daɗe da shi, inda ya iya ta wuce. In ta ga ya nuna, sai ta tura shi ya zauna jarrabawar gama sakandare a zaure, shi da ƙafarsa, kamar kowa. Wannan sashen na ƙarshe Jan Biro bai ji shi ba, domin a lokacin yana shirya jawabin da zai yi a ransa. Ta rufe da cewa duk mai so, shugaba ne ko ba shugaba ba, ya ba shugaban sashensa suna.

A sashen bugu mutum uku suka ba da suna. Akwai Mai Naɗi, uwar 'ya'ya uku, wadda hannunta ya fi inji sauri wajen naɗe takarda da ɗinke littafi. Saura shekara ɗaya ta gama sakandare lokacin da ta bar makaranta. Akwai Mai Yanka, mai kula da babbar wuƙar yanka takarda, wanda sai ya wuni bai yi magana goma ba. Sai Direba mai kai kaya, wanda yake yin tasa maganar ya yi ta Mai Yanka.

Jan Biro ya karɓi sunayen, ya duba su da jan biro, ya jefa a durowa, ya gyara murya.

"Ba zan jefa mutanena cikin makarantar da ban san cikinta ba," ya ce. "Ni zan fara shiga. Ba don ina da buƙata ba, Allah ya sani, sai don in duba ingancinta. In na ga ta kai, zan sa hannu ku shiga."

Ya hau sama ya gaya wa 'Yar Maigida cewa mutanensa suna shawara tukuna. Shi kuma, tunda neman madadin takardar da ta salwanta zai ɗau lokaci, zai sake zama jarrabawar don motsa jini. Ta dube shi ta saman tabarau, ta ce to, ta ba shi kwamfutar hannu da lambar sirri.

Washegari da safe ya rufe ƙofar akurkinsa ya buɗe gwajin farko. Tambaya ta ɗaya ta fito: a haɗa kashi uku cikin huɗu da kashi biyu cikin uku. Hannunsa ya zaro jan biro da kansa, amma ba abin gyarawa. Ya tsallake. Ta biyu ta fi ta ɗaya rashin kunya. Ta uku ma bai gane abin da take nema ba, balle ya ba ta. Fanka na juyawa a kansa amma gumi ya karyo masa har cikin kwala.

"To, Yallaɓai, ga ka ga kanka," ya ce a ransa. "Shekara talatin kana yi wa mutane tallan gida, ashe ɗakunan ba kowa sai yanar gizo-gizo."

Ya yi dariya shi kaɗai, dariyar da ba daɗi a cikinta. Tsoro ne ya kama shi, na gaske. Ya hango kansa a tsaye gaban inji da rigar aiki, wani na zaune a kujerar nan yana juyawa hagu. Kusan kwata na awa ya yi yana mutum mai gaskiya, har ya fara tunanin ya hau sama ya faɗi komai. Sai ya ɗaga ido ta gilashi ya ga Mai Yanka yana auna takarda, yana raba babban falle gida takwas ba tare da ya ko motsa leɓe ba. Nan take hikima ta dawo mazauninta. Yaushe shugaba ya fara yin aiki da hannunsa?

Ya kira su ukun.

"Na duba makarantar," ya ce. "Tambayoyinta sun yi mini ƙanƙanta. In na amsa da kaina ba za a gane ingancinta ba, don haka zan gwada ta a kanku. Kai Mai Yanka, na ba ka lissafi. Ke Mai Naɗi, harshe da insha'i. Kai kuma Direba, tunda ka san cikin mota kuma ka san hanya, riƙe kimiyya da sanin ƙasa. Kullum a hutun rana, a ɗakin ajiye takarda. Aikin bincike ne, kada in ji shi a bakin kowa."

Har jadawali ya zana musu da jan biro, ya ja layi biyu a ƙasa.

Ba wanda ya yarda da zancen bincike, ko Direba. Amma sun daɗe suna son abin, ga shi an miƙo musu, ko da sunan wani ne. Suka karɓa suka ce an gode, Yallaɓai.

Jadawalin bai kai mako ba ya mutu, domin kwamfuta ɗaya ce, kai uku. Suna zama a kan rim-rim, wato manyan ɗaurin takarda, su jingina kwamfutar da kwalin tawada, kowa da kwanon abincinsa a cinya. In Mai Yanka ya maƙale, Mai Naɗi ta karanta masa tambayar da ƙarfi. In Mai Naɗi ta rasa kalma, Direba ya kawo biyar, huɗu ba su da amfani. Direba har gardama yake da makarantar, yana nuna ta da cokali. Ita kuwa ba ta fushi. In suka faɗi, ta sake kawo abin ta wata hanya, in suka sake faɗi ta sake. Da ta lura ɗalibinta yana saurin ganewa in an yi misali da taya ko faɗin takarda, sai ta cika darussan da tayoyi da fallaye. A hankali kowa ya shiga gonar kowa. Kafin wata uku Direba na warware lissafi, Mai Yanka kuma an ji shi yana gyara wa Mai Naɗi sunan wani kogi.

A can ɓangarenta, makarantar tana ta ɗinka hoton ɗalibinta, kuma abin da ta gani ya burge ta. Mutum ne mai natsuwa a lissafi, mai taushin alƙalami a insha'i, mai ɗan gaggawa a kimiyya. Duk babin da aka gama sai ta aiko da tauraro. Jan Biro yana sa a buga masa taurarin nan da launi, a kan takarda mai sheƙi, ya manna a gilashin ofis. Kafin a ankara gilashin ya cika, har ba ya iya hango ma'aikata sosai.

Aiki ɗaya ne bai ba kowa ba. Makarantar tana da malamai na jini da tsoka, kuma duk Alhamis ta biyu wata malama tana kiran ɗalibi ta ji yadda ake ciki. Wannan kam da kansa yake yi. Yana buɗe ƙofa, ya saki muryar wayar kowa ya ji, ya kishingiɗa.

"Na ga yadda ka warware tambayar nan ta kusurwoyi," Malama ta ce wata rana. "Wace hanya ka bi?"

"Malama, wasu abubuwan ba a bayaninsu. Zuwa suke yi."

A gida ma labarin taurari ya isa. Matarsa tana wanke kwanuka ta ce, "Baban yara, wai yaushe kake karatun nan? Ni dai daga kai sai rediyo nake gani."

"Karatun zamani ba a ganinsa da ido," ya ce, ya ƙara wa rediyon murya.

Ba wai zuciyarsa ba ta taɓa shi ba ne. Wani lokacin, in an dawo masa da kwamfutar, yakan leƙa ya ga abin da ya koya a ranar. Sai ya tarar ya yi nisa ƙwarai, har ya kai inda haruffa suke shiga cikin lissafi. Yakan girgiza kai ya ce wa kansa, "Kai, mutumin nan akwai ƙwaƙwalwa, ina ma na san shi." Sai ya rufe, ya yi alkawarin gobe zai fara bi daga baya a hankali. Mu da muka san irin wannan goben ba sai an gaya mana ba.

A wata na biyar Malama ta kira, muryarta ba kamar kullum ba.

"Insha'in da ka rubuta a kan ranar da ba za ka manta da ita ba, sau uku na karanta," ta ce. "Ina neman izininka in karanta wa sauran ɗalibai. Ji wurin da ya tsaya mini." Sai ta karanta: "Na mayar da littattafan makaranta ɗakin ajiya. Mai ajiya ya ƙirga ya ce saura ɗaya. Na ce ya ɓata. Bai ɓata ba. Yana ƙarƙashin filon babana a asibiti, shi nake karanta masa in ciwo ya hana shi sukuni. Har yau littafin yana wurina, ban mayar ba."

Jan Biro bai taɓa ganin insha'in ba. Amma ya lumshe ido, ya dafa ƙirji.

"Haka ne, Malama. Ni mutum ne mai zurfin ciki. Marigayin ya so karatu."

Mahaifinsa kuwa yana nan da ransa garau. A safiyar ranar ma sai da ya wanke shi tas a kan ya bar famfo yana zuba.

Teburin Mai Naɗi taku uku ne daga ƙofar ofishin. Hannun nan da ba ya tsayawa ya tsaya. Wata biyar tana ba shi lissafi da harshe da sunayen koguna, ba ta ji komai ba, don tana ganin ita ma tana samu. Amma wannan ya yi mata zafi. Babanta ne, ranarta ce, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba sai wannan kwamfutar. Ta gama naɗin da ke gabanta, ta jera shi.

Da safe ta hau sama. Ba ta kai ƙarar kowa ba. Cewa kawai ta yi, "Ranki ya daɗe, mu namu karatun yaushe za a buɗe mana?" 'Yar Maigida ta cire tabarau ta tambaye ta wa suka ba sunayensu, kuma yaushe. Ba ta sauko ta yi faɗa ba. Ta dai sa makarantar ta gwada su ukun, kowa da sunansa. Makarantar ta ce waɗannan ai sun kusa nuna, aka rubuta su cikin masu zama jarrabawa. Jan Biro bai san an yi ba, taurari sun tare masa gilashi.

A wata na bakwai saƙo ya shigo. Makaranta tana taya ɗalibinta murna, ya shirya. Jarrabawa nan da mako uku, a zauren wata makaranta. Ya zo da katin shaida mai hotonsa. Ba a shiga da waya. Ya karanta sau uku, yana neman kuskuren bugu a ciki, bai samu ba. Ya kira Malama, wannan karon ƙofa a rufe.

"Malama, akwai mutanen da nauyin jama'a yake kansu. In irinmu muka bar wurin aiki kwana biyar, abubuwa tsayawa suke yi. Ba a yi wani tanadi ba na a kawo wa mutum takardar ofis? Ko ya tura wakili amintacce?"

Malama ta yi dariya har da tari. Ta ce ita ba ta san yana da barkwanci haka ba.

Sai ya karɓe kwamfutar daga hannun mutanensa, ya ce bincike ya kammala. Ya zauna zai yi karatun wata bakwai a mako uku. A nan ya gane irin ramin da ya haƙa. Makarantar ta san shi a matsayin gwani, don haka tambayoyin gwanaye take ba shi. Ya nemi komawa babin farko, ta ce masa cikin ladabi ai ya riga ya ƙware a wannan, kada ya ɓata lokacinsa. Ya faɗi tambaya goma a jere, ta ce da alama ya gaji yau, ya huta ya sha ruwa. Duk duniya ba wanda ya taɓa yarda da iliminsa ɗari bisa ɗari kamar makarantar nan, kuma yardar ce take neman kashe shi.

"Ka sa an ɗinka wa ƙato riga," ya ce wa kansa. "To shiga mu gani."

Sau biyu yana hawa sama don ya faɗi gaskiya. Sau biyu yana saukowa bayan sun tattauna matsalar tawada.

Ranar jarrabawa ya saka kayansa mafi kyau, ya jera birukansa uku. A bakin ƙofa aka ce ja ba ya shiga. Ya bar shi a cikin kwali tare da wayoyin mutane. Aka nuna masa benci tsakanin wani matashi mai askin zamani da wata mata mai goyon ciki. Yana juyawa ya duba zauren sai ya gan su a layin baya: Mai Naɗi tana fiƙe fensir, Mai Yanka ya kafa wa allo ido, Direba kuma ya ɗago masa hannu yana washe baki. Gabansa ya faɗi. Sai kuma, don Allah ya yi shi da ƙarfin hali, wani sanyi ya ratsa shi, wai ai ga ma'aikatansa a kusa.

Aka raba takardu. Ya duba shafin farko, lissafi ne. Kafin ya yi tunani hannunsa ya ɗaga takardar ya miƙa ta baya ta saman kafaɗa. Mai sa ido, wata yarinya da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta biyu ba, ta iso kansa.

"Baba, ajiye takardarka a gabanka."

Baba. Ba Yallaɓai ba. Ya ajiye.

A yi masa adalci, sunansa ya rubuta shi da kyau, ba na biyunsa a zauren. Kuma bai zauna a banza ba. Ya lura an yanka takardar a karkace, gefen dama ya fi na hagu da kaurin farce. Ya lura tawadar shafi na uku ta yi ruwa. Ya shinshina, ya gane irin injin da ya buga ta, har ya ƙiyasta shekarunsa. Duk wannan daidai ne, ba kuskure ko ɗaya, sai dai ba a tambaya ba. Ya ɗaga hannu ya sanar da mai sa ido cewa aikin bugun nan ba shi da inganci. Ta ce ta ji, saura minti arba'in. Haka aka yi kwana biyar, kullum da irin aibin da yake gano wa takardar.

"Jarrabawar ba laifi," ya gaya wa ma'aikata da aka koma aiki. "Sai dai an saukar da ita ƙasa sosai don a taimaki masu rauni. Irin wannan takan rikita manya."

Sakamako ya fito saura wata ɗaya shekara ta ƙare. Mai Naɗi ta cinye duka. Mai Yanka ya ci, lissafinsa har da yabo. Direba ya faɗi darasi ɗaya, harshe, abin da ya ba kowa mamaki in aka duba yawan amfanin da yake yi da shi, kuma an ce zai iya sakewa. Shi kuwa Jan Biro ya nuna adalcin shugaba, bai fifita wani darasi a kan wani ba. Duka ya faɗi, kuma da maki kusan iri ɗaya.

'Yar Maigida ta kira shi sama. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Ta ce daga farkon wata Mai Naɗi ce shugabar sashe, shi kuma zai koma kan babban inji. Ta ce ta san ba wanda ya kai shi ido a kan bugu, kuma ba ta manta shekarun da ya yi wa mahaifinta ba. Duk ranar da ya kawo takarda tasa ta kansa, za ta buɗe masa ofishin duba ingancin aiki, da kujerarsa da komai. Ya ce ya gode, ya sauko yana riƙe da ƙarfen bene.

Ranar Alhamis ya kira Malama daga ɗakin ajiye takarda.

"Malama, game da karatun nan, an ɗan samu wakilci."

Ta nemi ƙarin bayani, ya gaya mata komai.

"Wata bakwai ina yabon mutum uku da sunanka," ta ce. "Kai ne ban taɓa haɗuwa da kai ba. To, ina wuni? Sai mu fara daga nan."

Aka buɗe masa sabon shafi. Ya zauna a kan rim ɗin takarda, ya yi gwajin farko da hannunsa, shi kaɗai. Akwai wani ɗan wuri da ake taɓawa in mutum bai san amsa ba. Ya taɓa shi har yatsansa ya saba da hanya. Da ya gama, makarantar ta yi masa barka da zuwa, ta ce ta gano inda ya tsaya: aji biyu. A uku ya bari, ashe zaman shekarun nan ma ya ci masa aji guda. Ta ƙara da cewa in ya ba ta awa ɗaya kullum, ba fashi, za ta kai shi zauren jarrabawa nan da shekara uku.

Ya daɗe yana kallon lambar. Sannan ya miƙe, ya kakkaɓe rigar aiki, ya fito inda ma'aikata suke cin abinci. Tsohon hali ba ya jin kira, sai da ya gyara murya.

"Ku wata bakwai kacal makarantar ta iya jure ku ta sallame ku," ya ce. "Ni kuwa ta ce ba za ta rabu da ni ba sai bayan shekara uku. A nan ake gane ɗalibin da ake ji da shi."

Shi ya fara dariya, kuma ta gaske ce, don haka sauran suka samu izini. Direba har da buga cinya. Mai Naɗi ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Mai Yanka kaɗai bai yi ba. Ya ajiye cokali, ya ɗan dubi rufi kamar mai auna falle.

"Yallaɓai, ba shekara biyu ta rage maka ka yi ritaya ba?"

Jan Biro ya san da haka tun yana kan rim ɗin takarda, ya dai so a bar shi ya kai gida da shi.

"Wa ya sa ka wannan lissafin?" ya ce.

"Kai ka ba ni lissafi, Yallaɓai," in ji Mai Yanka. "Tun watan farko."